Ranar da Sunana Ya Ci Aladun Babana

Masu bibiyata, ku gyara zama. Waɗanda suka cika min waya da "Vaosa, ki auri mutumin nan mana ki huta," na ga saƙonku, na gode da tausayi. Na dai lura yawancinku hoton motarsa kuka yaba, ba shi ba. Wanda yau ya fara shigowa kuma, ga ni a taƙaice. Sunana Vaosa Pulemau, shekarata ashirin da shida, ina aiki da wata ƙaramar jarida a Apia, babban birnin Samoa. Ni kaɗai ce na yi jami'a a zuriyarmu, kuma ni kaɗai ce ban taɓa sayo wa gida firiji ba.

Maganar firiji ba ni na ƙirƙiro ta ba, da ita Mama take auna mutum. Samarin ƙauyenmu suna tafiya Ostireliya tsinkar lemo, su yi rabin shekara, su dawo da firiji da injin yankan ciyawa da takalman da ba a taka ƙasa da su sai ranar Lahadi. Ni kuwa kullum ina cikin bas ɗin katako tun da sassafe, wata tsohuwa a gefena, buhun gwazarta a kan cinyata, in yini ina bin ministoci da tambaya, in dawo da jarida guda ɗaya ta kyauta. Da ita Mama take naɗe kifi.

"Mai tsinkar lemo Ostireliya ta san da zamansa," in ji ta. "Ke mai tsinkar magana, wa ya aiko a kira ki?"

Ni ma ina son tafiya, kada ku ɗauka waliyyiya ce ni. Amma da sana'ata nake son tafiya, a matsayin ƙwararriyar 'yar jarida, in sauka a filin jirgi ba tare da na riƙo gefen rigar kowa ba. Mama kuwa ta riga ta samo rigar da za a riƙe. Sunansa Aukuso, ɗan ƙauyenmu ne, yana da takardar zama ta dindindin a can, shi ne shugaban ayarin masu tsinkar lemon. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, yana da wata dariya ta gefen baki da ke sa in manta abin da nake shirin faɗa. Na faɗa muku wannan ne don kada ku yi zaton ba na son sa. Da ba na son sa da labarin nan bai kai shafi biyu ba.

Yaya Telesia, 'yar yayar Mama da ke Sidni can Ostireliya, ita ce ke bibiyar min maganar takardu wajen wani mai shirya wa mutane irin wannan tafiya. Ranar wata Talata ta turo min saƙo ina tsakiyar cin fanke a ofis.

"Ya ce digirinki ya yi. Saura shaidar aiki. Ki tattaro labarai kamar goma masu nauyi da SUNANKI a kai, da wasiƙar editanku."

"Ina da labarai sun fi ɗari," na rubuta mata.

"Da sunanki?"

Na ajiye fanken.

To ga inda gizo ke saƙar. A jaridarmu, duk labarin da ya taɓa masu sarauta, ko majalisar wani ƙauye, ko fasto, da sunan editanmu Tuisalega yake fita. Shi mai sarauta ne, yana da ginshiƙin da yake zama jikinsa a rumfar taron ƙauyensu. Dalilinsa kuwa kowa ya yarda da shi: yarinya marar sarauta ba ta buɗe baki a kan manya. In ta yi, ba ita za a nema ba, gidansu za a ci tara. Tun ranar da na fara aiki ya ce min, "Ni ne inuwarki, 'yata." Shekara huɗu ina cikin inuwar nan. Inuwar ta je Fiji ta karɓo lambar yabo a kan labarin kwanon rufin agaji da na yi mako uku ina bi a ƙafa, ta dawo min da tsarabar abin rataya makulli.

Abin da ke ɗauke da sunana kuwa, bari in ba ku kunya ku ma. Gasar mawaƙan coci. Sarauniyar kyau ta makarantun sakandare. Wani manomi da ya haƙo gwaza mai kama da fuskar surukarsa. Na tura wa Yaya Telesia su, ta dawo min da fuskokin dariya jere guda, sannan ta ce, "Ƙanwata, 'yar jarida suke nema, ba mai shela a biki ba."

Washegari na sa rigata da zanena masu ruwan bula, waɗanda nake zuwa majalisar dokoki da su, na soka fure a kunne, na shiga ofishin Tuisalega. Yana zaune fanka na kaɗa masa ƙafa, lambar yabon tana rataye daidai saman kansa.

"Ranka ya daɗe, wasiƙa nake so. A rubuta cewa labaran nan ni na yi su."

"Waɗanne?"

Na ɗaga ido na kalli bango. Shi ma ya ɗaga, ya sauke.

"Vaosa, kin san ina ƙaunarki kamar 'yar cikina. Zan rubuta cewa kina da ladabi, kina zuwa aiki a kan lokaci."

"Ba ladabi suke tantancewa ba, ranka ya daɗe."

"To in rubuta wa Turawa da hannuna cewa shekara huɗu ina sa sunana a kan aikin yarinya? Su ba za su gane al'adarmu ba. Za su ce sata ce."

"Mu me muke ce mata?"

"Kariya," ya ce, ya jawo wata takarda gabansa, alamar an sallame ni.

A wannan makon ne Peleti ya zauna kusa da ni a bas ɗin yamma. Peleti ɗan Gwaggo Sose ne, wata gwauruwa da gidanta ke bayan coci. Yana cikin ayarin da ya je lemo bara, ya dawo tun lokaci bai yi ba, kuma abin da aka ce a ƙauye shi ne ya kunyata mu a ƙasar mutane. Ban taɓa tambayar wace irin kunya ba. Ya bari sai da direba ya ƙure kiɗa, sannan ya zaro hannunsa na dama daga cikin riga ya ɗora a gwiwa. Yatsu biyu sun lanƙwashe ba sa miƙewa.

"Almakashin yankan reshe ne," ya ce. "Na ce a kai ni asibiti, aka ce sai an gama layin. Kafin a gama layi hannu ya zama kamar gwanda."

Ya nuna min hotuna a wayarsa. Kwantena ce ta ƙarfe aka huda mata taga, gadaje hawa-hawa, maza goma sha biyu, fanka ɗaya da ba ta juyawa. Da hannun ya ruɓe, sai ya kai kuka wajen wata mata ta ƙungiyar ma'aikata da ke zuwa cocin garin. Laifinsa ke nan. Majalisar ƙauyenmu tana da doka, duk wanda ya jawo wa ayari magana a waje, gidansu za a ci tara. Aka karɓe wa Gwaggo Sose uwar aladenta guda ɗaya tilo, aka soke sunan Peleti daga masu tafiya.

"Wa ya kawo wa majalisa rahoto?" na tambaye shi, ko da yake cikina ya riga ya ba ni amsa.

Ya kalli taga. "Angonki."

Na yi kwanaki ina bin labarin. Na samu wasu samari biyu da suka tabbatar min da komai, da sharaɗin ko inuwarsu kada ta fito a jarida. Na kira matar ƙungiyar, na kira ofishin ɗan kwangilar gonar, suka ce za su neme ni, har yau suna nema. Ranar Juma'a na ajiye wa Tuisalega labarin. Ya karanta, ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa. Na san abin da yake gani. Ƙauyensu ma yana tura samari lemo, kuma tasu dokar ta fi tamu tsanani.

"'Yata," ya ce, murya kamar zuma, "na yi tunani a kan maganarki ta rannan. Lokaci ya yi da za ki tsaya da ƙafarki. Wannan shafin farko ne ranar Litinin, kuma da sunanki zai fita."

Kun ji fa. Shekara huɗu ana rana inuwa tana nan daram, ranar da hadari ya haɗo sai ta tuna tana da uzuri.

"In kuma ban sa suna ba?"

"Sai a ce daga wakilinmu. Ni dai idona yana ciwo kwanan nan, ban ma karanta shi sosai ba. Ki samo ta bakin shugaban ayarin, ki faɗa min abin da kika yanke kafin yammacin Lahadi."

A hanya na tambayi Yaya Telesia ko zan iya sa Vaosa kawai, in bar Pulemau. Domin Pulemau ba suna ba ne irin na kowa, sarautar Baba ce, ita nake ɗauke da ita a fasfo kamar yadda 'ya'yan masu sarauta da yawa suke yi. In ta fito a shafin farko, Baba ne ya yi magana, ko ya sani ko bai sani ba.

"Sai ya zo daidai da fasfo," ta ce. "Vaosa nawa ne a Samoa? Ki sa duka. Irin wannan labarin ne ma suke so, mai jini a jika."

Mai jini a jika. Na daɗe ina kallon saƙon, ina tuna hannun Peleti.

Ranar Lahadi kuma, don abin ya cika, ita ce ranar da Mama ta gayyato Aukuso cin abincin rana. Tun kafin a tafi coci hayaƙin murhun duwatsu ya rufe bayan gida. Gwaza, ganyen gwaza da madarar kwakwa, ɗanyen kifi da lemon tsami, taliya da nama, har da kajin da Mama ta ce ba za a taɓa ba sai Kirsimeti. Ta fito da farantan da suke cikin kabad tun bikinta. Ta sa farar hularta mai faɗin tire, ta ƙi cire ta bayan an taso daga coci. Ni ma ta sa ni na canja kaya sau biyu.

"Wannan ta sa ki kama da mai zuwa kotu. Sa mai furannin."

"Mama, abinci zai ci, ba ni ba."

"Da wannan bakin naki, ko abincin ma Allah ya sa ya tsaya ya ci."

Ya zo da farar riga da baƙin zane mai aljihu, da kwalin naman gwangwani a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaida Baba yadda ya kamata, ya yabi ganyen gwazar Mama har ta rasa inda za ta sa fuskarta. Mama ta yi ta zuba masa, tana ba shi tarihina kamar mai tallar akuya.

"Ta iya girki, kawai dai aiki ne ya hana ta nunawa. Wai sai ta tara labarai goma Turawa su yarda ita mutum ce. Na ce mata ga hanya a share, me ya kai ki daji?"

Aukuso ya dube ni, ya yi dariyar nan tasa ta gefen baki. Na ji kamar in shige cikin tukunya.

Da manya suka kishingiɗa, na ce masa ya raka ni bakin ruwa. Muka zauna a kan katangar duwatsu, na ajiye wayata a tsakaninmu, na danna ɗaukar murya. Ya kalli wayar.

"Wannan zaman na budurwa ne ko na jarida?"

"Na jarida. Kai ka kai rahoton Peleti?"

"Ni ne."

Na yi zaton zai yi musu. Na shirya wa musu, ban shirya wa wannan ba.

"Ka san a kwantena suke kwana?"

"Gadona ne na ƙasa, kusa da ƙofa. Ki rubuta wannan ma."

"To me ya sa?"

Ya tsinko wata ciyawa daga tsakanin duwatsu yana murzawa. "Vaosa, ɗan kwangilar nan yana da lambar wasu ƙauyuka a ƙasar Vanuatu cikin wayarsa. Ya taɓa nuna min. Ranar da muka zama masu surutu zai danna ta ya ɗauko su a madadinmu, shi ke nan. Gida arba'in ke cin abinci daga gonar nan. Rufin cocin da kika yi waƙa a ƙarƙashinsa yau da safe, lemo ne ya yi shi. Maganin hawan jinin mahaifiyarki, wa kike zaton yake aikowa da kuɗinsa, ba ɗan ƙanwarta da ke ayarina ba?"

"Sai a ci tarar gwauruwa?"

"Ni ban yanke tara ba. An aike ni in riƙa faɗa wa majalisa abin da ya faru, na faɗa. Rahoto na kai, kamar yadda kike kaiwa. Abin da manya suka yi da shi nasu ne. Ba haka ku ma kuke cewa ba?"

Ya miƙa hannu ya kashe ɗaukar muryar da kansa, a hankali, kamar mai rufe wa yaro ido.

"Yanzu saura zaman budurwa. Da sunanki zai fita?"

"Ban yanke ba."

"Da Telesia ba ta ce goma ba, da kin ma yi tunanin sa shi?"

"Wannan ba ruwanka."

"Ruwana ne mana, tunda sunana na ciki. Ni na sayar da Peleti don gida arba'in. Ke don kujera ɗaya a jirgi. Ban ce kada ki buga ba. Ina so ne kawai in kin hau jirgin ki san da hannun wa aka sayi tikitin."

Ya tashi ya karkaɗe zanensa, ya ce in gaida Mama, abinci ya yi daɗi. Ko murya bai ɗaga ba. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Masu karatu, a nan nake so ku daina turo min fuskar zuciya ku taya ni tunani. In labarin ya fita babu suna, majalisa ba za ta wahalar da kanta neman wakilinmu ba, gidan Gwaggo Sose za ta koma, tunda ɗanta ne a hoto, ita kuwa ko kaza ba ta da ita yanzu. In ya fita da sunana, tarar ta dawo gidanmu, Gwaggo Sose ta tsira. Kun ga dalili mai kyau, wanda za a iya faɗa a coci. Amma kuma wannan sunan shi ne abin da nake nema ido rufe tun ranar Talatar nan, kafin in san Peleti yana da hannu ko ba shi da shi. Abu ɗaya ne zan yi, dalilai biyu suna ja na zuwa gare shi, ɗaya da farar riga, ɗaya da jakar tafiya. In mutum ya yi abin kirki don son kansa, abin kirkin ya lalace ne, ko kuwa shi mutumin ne kawai bai samu lada ba? Na juya tambayar nan har kaina ya yi zafi.

Da la'asar na samu Baba a bayan gida yana fasa wa aladu kwakwa. Baba ba mai magana ba ne. Sarautarsa ƙarama ce, ginshiƙinsa a rumfar taro yana can gefe inda ruwan sama ke fesowa, kuma mutane sun ce shekara da shekaru ba a ji ya ce komai a majalisa ba in ban da amin. Na durƙusa na faɗa masa komai. Bai daina fasa kwakwa ba.

"Abin da ke ciki gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Don me za ki sa suna?"

"Don kada a koma kan Gwaggo Sose."

Ya jefa wa uwar aladen ɓarin kwakwa, ya tsaya yana kallon ta tana ci. Shirun Baba irin wanda ke sa mutum ya laluba aljihunsa ne ya ga ko ya ɓoye wani abu.

"Kuma ina buƙatarsa don takarduna," na ce. "Biyun ne. Ban san wanne ya fi nauyi ba."

"Da kin tsaya a na farko da na ce ki bari." Ya goge adda a jikin zanensa. "Kin san inda tarar Sose ta tafi?"

"Majalisa ta karɓa."

"Majalisa ba ta da ciki. Rabawa aka yi gida-gida, kamar kullum. Namu kason cinya ce. Uwarki ta dafa ta da ganyen gwaza, kika dawo daga aiki kika ci, har kika nemi ƙari."

Na tuna naman. Na ma tuna na yaba.

"To in sa, Baba?"

"Sunan nan ni ma ba nawa ba ne, dangi suka ba ni riƙo. In za ki sa shi, ki tabbata sun rubuta shi daidai. Rannan a sanarwar coci sun cinye masa harafi ɗaya."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na koma ɗaki na tura wa Tuisalega saƙo: "Vaosa Pulemau. A duba rubutun da kyau." Ya dawo min da hoton babban yatsa. Idon nasa ya warke ke nan.

Litinin ce ranar zaman majalisar ƙauyenmu, kuma jarida tana isowa a bas ɗin farko. Ban je aiki ba. Kafin a busa katantanwar kiran taro, mai shagon bakin hanya ya sayar da duk kwafin da aka kawo masa, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka buɗe shagon. Wata maƙwabciya ce ta kawo wa Mama nata, don Allah ya sa ta cikin masu son a ji labari da wuri. Mama ta karanta a tsaye. Ta kai kan sunan, ta zauna a kan buhun gwaza.

"Na ce ki nemo miji, kin je kin buga shi a jarida."

"Mama, ai gaskiya ce."

"Gaskiya! Ita za ta ba ki zobe? Mutum ya ci kajina na Kirsimeti jiya jiya." Ta juya wajen Baba, wanda ke ɗaura zanensa na taro. "Kai kuma ka sani?"

"Na sani."

"Ka sani ka yi shiru?"

"Ai kin san halina," ya ce. Ya karɓi jaridar daga hannunta, ya naɗe, ya soka a hammata, ya fita.

Daga barandarmu ana hango rumfar taro. Na ga manya sun zazzauna kowa jikin ginshiƙinsa, na ga masu jawabi suna tashi ɗaya bayan ɗaya, ana nuna gefen da Baba yake. Wayata tana ta rawa a cinyata. Yaya Telesia ta ce, "Na gani a intanet, WANNAN shi ne aiki, ki adana shafin." Peleti ya turo kalma ɗaya, "Na gani." Wata ƙawata ta ce matan coci sun ce dama tun ina ƙarama idona a tsaye yake. Daga Aukuso babu komai.

Rana ta take tsaka Baba ya dawo. Ya zauna, ya nemi shayin ganyen lemo, ya sha rabi kafin ya yi magana. Tara ce: aladu biyu manya, har da uwar, da kwalaye na kifin gwangwani, saboda gidan Pulemau ya kai maganar ƙauye kasuwa. Gidan Gwaggo Sose ba a ambace shi ba.

"Ka ce wani abu?" Mama ta tambaye shi.

"Na ce a duba min wane layi ne ƙarya, in biya ninki. Aka ce ba a kan ƙarya ake cin tarar ba."

Ba a jima ba samarin ƙauye marasa sarauta suka zo ɗaukar tara, don aikinsu ne. Kuma tunda takardar zaman Ostireliya ba sarauta ba ce, Aukuso yana cikinsu. Ya tuɓe riga, ya shiga garken Baba, uwar aladen ta zaga da shi cikin taɓo har sau biyu kafin su danne ta. Na so in ji daɗin ganin haka, wallahi na so. Da suka ɗaure ta a sanda, ya zo bakin baranda yana wanke hannu a bokitinmu, taɓo har gira.

"Kin sa maganata duka," ya ce, bai dube ni ba. "Har gadon ƙasa. Na zaci za ki yanke."

"Ka faɗa ne, na rubuta."

"Ɗan kwangilar ya gani. Ya ce zai kira ni da yamma."

"Me zai ce?"

"Ko ya sayi fanka, ko ya danna waccan lambar. In ya danna, ba aladu za a zo nema a gidan nan ba." Ya yarfe ruwan hannunsa. "Babana ya ce maganar aure a bar ta."

"To."

"Babana ne ya ce. Ni ban ce komai ba tukuna."

Ya saɓa sandar a kafaɗa shi da wani, suka fita da uwar aladen tana ihu, Mama tana bin su da ido kamar jirgin Ostireliya ne ke tashi babu ita. Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Muka rage ni da Baba a bakin garke. 'Yan ƙananan suna ta zagaye inda uwarsu take kwanciya. Na so in ba shi haƙuri, na rasa ta inda zan fara, domin ban san ko na yi nadama ba. Ya jingina da katako ya daɗe yana kallon su.

"Labari nawa 'yar'uwarki ta ce Turawan suna so?"

"Goma, Baba."

"Wannan na nawa ne?"

"Na farko."

Ya gyaɗa kai, ya sunkuya ya ɗauki addarsa da kwakwa guda.

"To ki riƙa ba da tazara," ya ce. "Alade ba ya girma a mako ɗaya."